Fuskar Surukina

Na yi shekaru da aure, har 'yata ta fara tafiya tana jan zanen uwarta, ban san kamannin surukina ba. Ba wai nesa yake ba. Taksi ɗaya ke raba unguwarmu ta London, a birnin Libreville, da gidan da yake gadi a unguwar Batterie IV, kuma kusan kowace Juma'a sai ya biyo ta wajenmu bayan an sauko daga masallaci. Idanunsa kawai na sani. Ba'abzine ne irin na dā, wanda amawalin rawaninsa ba ya sauka daga kan hanci, balle a gaban mijin 'yarsa.

Mu a gida Buzu muke cewa, babba da yaro. Shi ba ya son sunan, ko da yake bai taɓa faɗa mini ba. Matata ce ta ja mini kunne tun ina zuwa zance. Sanayyar gidajenmu kuwa ta girme ni. Ayarinsu ne ke sauka a gonar kakana a ƙasar Damagaram bayan girbi, ɗauke da kantun gishiri da dabino daga Bilma. Raƙuma su ci kara su bar mana taki, mutanen su cika taikunansu da gero su koma Abzin. A ƙarshen wannan zamani surukina ne madugun ayarin. Ina yaro nakan hango shi can saman raƙumi, rawaninsa na turkuɗi yana ƙyalli, mu bi shi a guje muna roƙon dabino. Daga baya fari ya cinye raƙuman, shi kuma ya biyo 'yan'uwansa har bakin teku, inda masu manyan gidaje ke neman mai gadi marar surutu. A nan Libreville na sake gamuwa da shi, a nan na ga 'yarsa, kuma albarkacin gonar kakana ya ba ni ita ba tare da ja-in-ja ba.

Kunyar suruki mu ma mun san ta, amma tamu wasan yara ce a kan tasu. Idan na shigo yana zaune, hannunsa zai tashi ya ja amawalin sama har sai 'yar tsaga ta rage wa idanu. Bai taɓa kiran sunana ba. Bai taɓa cin ko lomar tuwo ina wurin ba. Shayi ma sai ya juya gefe, ya shigar da ɗan kofin ta ƙarƙashin ƙyalle. Idan yana da magana da ni, butar shayinsa yake yi wa. Sai ya dubi butar ya ce, "Mai hoto ya kwana lafiya?" Ni ma in dubi butar in ce, "Lafiya lau, Baba." Matata takan ce da butar nan tana da baki da ta kai ƙararmu. Da fari abin yakan ba ni dariya a ciki, har nakan kwaikwaye shi a shago abokan aiki su yi ta ƙyaƙyatawa. A hankali na saba, na ma fara jin daɗinsa. Mutum ne da ya ja mini layi, ya ja wa kansa, kuma bai taɓa taka nawa ba.

Sana'ata wankin hoto ce. Ina aiki a shagon wani ɗan Kwatano, shi yana gaba yana ɗauka, ni ina ɗakin duhu a baya. Kafin a karya darajar sefa, hoton katin zama, wato takardar izinin zaman baƙi, ba ya biyowa ta hannuna. Akwai kyamarar nan mai tofo hoto nan take, mutum ya zauna, ya tashi da abinsa a aljihu. Da kuɗi ya faɗi, takardar wannan kyamara ta fi ƙarfin kowa, shinkafa ma ta nemi ta fi ƙarfinmu. Sai aka koma fim na baƙi da fari. Masu ɗauka a bakin titi, waɗanda shagonsu bai wuce farin zane da kujera ba, suka riƙa kawo mana fim muna wanke musu.

Ba a gama farfaɗowa daga wannan ba sai aka ba baƙi wa'adi. Duk wanda ba shi da katin zama ya yi, ko ya kama hanyar ƙasarsu. Jandarmomi suka cika mararrabar hanyoyi suna tsayar da taksi. A tashar jiragen ruwa mutane na kwana a kan ƙunshin kayansu. Kowace safiya sai ka ji an ce wane ya tafi, wane an kama shi a kasuwa. Mu kuwa aiki ya yi mana yawa har ban da lokacin cin abinci, domin kowa na son hoto, kuma ofishin katin ba ya wasa da ƙa'ida: kai a buɗe, kunnuwa a waje, fuska duka.

Katin surukina ya daɗe da mutuwa. Bai damu ba, tunda daga ƙofar gidan da yake gadi sai masallaci sai wajenmu. Yanzu kuwa mai gidan ya ce ba zai iya riƙe shi ba sai da takarda. Matata ta shiga damuwa, ta daina barci sosai. Mahaifiyarta ta rasu, 'yan'uwanta sun warwatsu, arewacin ƙasarmu kuma a lokacin ba lafiya. Idan aka sa tsohon a jirgi, ba raƙumi ba rumfa zai tarar, kuma ta san ba za ta sake ganinsa ba.

Wata rana ta ce mini, tana tankaɗe ba ta dube ni ba, "Baba ya je an ɗauke shi hoto."

Na ce, "A ina?"

"Can Okala. Ya ce inda ba wanda ya san shi."

Na gane. Ya tsallake duk masu hoton da ke tsakiyar gari, ya biya kuɗin mota har bayan filin jirgi, don kawai ya yi nesa da ni. A wajensu buɗe fuska gaban baƙon da ba ka haɗa komai da shi ba abu ne mai ɗaci amma yana haɗiyuwa. Gaban suruki ne ba ya yiwuwa. Na ji sanyi a raina cewa an wuce wurin, ban ƙara tunanin komai ba.

Abin da tsohon bai sani ba, ni ma ban kawo a raina ba, shi ne mai hoton Okala abokin cinikinmu ne. Wani ɗan Garwa ne mai yawan magana, da rana tsaka yake zuwa da fim a aljihun riga, ya zauna yana ba maigidana labarin ƙwallo har in gama.

Ranar na shiga ɗakin duhu kamar kullum, na kunna jar fitila. A fim ba ka gane mutum, fari baƙi ne, baƙi fari. Sai ka haska a takarda ka tsoma ta a ruwan magani, sannan fuska ta taso a hankali. Na wanke wata mata mai kitso, na wanke samari biyu. Na tsoma ta gaba ina kaɗa farantin, hankalina na kan abincin da ban ci ba. Idanu suka fara fitowa. Hannuna ya tsaya cak. Idanun nan na san su fiye da nawa, shekara da shekaru su kaɗai nake gaisarwa.

Da zan iya da na rufe ido. Amma takarda ba ta jira, idan ka bar ta ta ƙone, kuma gaskiya ita ce ban rufe ba. Na ga goshi mai tsawo da sanƙo. Na ga kumatu da suka fi kewayen idanun haske, da dabbare-dabbaren shunin rawani a kansu. Na ga ɗan siririn gemu fari wanda bai rufe komai ba. A tsakiyar haɓar akwai ɗan rami, irin wanda ke haɓar 'yata sak. Tun da aka haife ta dangina ke tambaya daga ina ta samo shi, tunda babu a gidanmu, babu a fuskar uwarta. Ashe yana nan kusa da mu, a bayan ƙyalle.

Wani tsoho na gani, mai taushin baki, kamar wanda za a yi wa allura. Madugun da nake bi a guje ina yaro ba ya cikin hoton. Kunya ta rufe ni tun daga tafin ƙafa. Ji na yi kamar na tura ƙofar banɗaki na same shi a ciki. Ni kaɗai ne a ɗakin, amma sai da na sunkuyar da kai.

Sai kuma na lura da abin da ya fi wannan muni. A daidai lokacin da aka danna kyamara, hannunsa ya taso. Yatsu sun rufe gefen baki da rabin kunci, sun yi dishi-dishi saboda motsi. Hannun ya yi abin da ya saba ne, ba da shawarar mai shi ba. Na duba fim ɗin ko akwai na biyu, babu, fim ya yi tsada, kowa sau ɗaya ake ɗauka. Na ga an dawo da hotuna daga ofishin nan a kan abin da bai kai wannan ba. Wannan ko kallo na biyu ba za a yi masa ba, kuma mutum sai ya yi kwanaki a layi kafin ya kai ga tagar.

Na fito na nuna wa ɗan Garwa. Ya ɗaga kafaɗa.

"Wannan tsohon? Wallahi ya wahalar da ni. Sai da ya sa na kori yara, na juya kujera ta kalli bango. Ni dai na ɗauka, ya biya. Su can su san yadda za su yi."

Ban ce masa surukina ne ba. Na ce ya bar mini hoton, ya gaya wa tsohon fim ya lalace a wanki, ya dawo a sake kyauta, ni zan biya fim ɗin. Ya dube ni kamar na zare, amma ya yarda.

A gida na rasa ta inda zan fara. Matata ta zuba mini abinci, na kasa ci. Daga ƙarshe na ce, "Fim ɗin Okala wajenmu ake wanke shi."

Ta ajiye ludayi. "Ka gani?"

Na gyaɗa kai. Sai ta ja gyalenta ta rufe fuskarta, ita da ba ta taɓa rufe mini fuska ba, domin matansu ba sa yi. Muka zauna haka, 'yarmu na wasa da murfin tukunya a tsakaninmu. Can ta ce ta cikin gyalen, "Ni kaina tun ina ƙarama rabona da ganin fuskarsa. Kada ka bari ya sani. Don Allah."

Dabarar tawa ba ta yi aiki ba. Da saƙon ɗan Garwa ya isa, tsohon ya ce a bar shi. Ya gaya wa 'yarsa ya buɗe fuskarsa sau ɗaya a bakin titi, masu wucewa na leƙe, kuma ya isa. Tunda Allah ya sa hoton bai fito ba, to ba rabonsa ba ne ya zauna. Har ya fara raba 'yan kayansa, ya aiko mana da tabarmarsa ta fata. Matata ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Wa'adi kuma na ta matsowa.

Na ga ƙaryar da na shirya don in kare shi ita ce za ta sa shi a jirgi. Ya ɗauka ƙaddara ce ta ƙone fim, alhali hannunsa ne kawai ya motsa, abin da za a gyara cikin ƙiftawar ido. Amma ba mai iya gaya masa haka sai wanda ya ga hoton.

Na je Batterie IV da hantsi. Yana zaune a inuwar katanga, gawayi na ci a ɗan murhunsa. Da ya hango ni hannunsa ya tashi ya ja amawali. Na cire takalmi na tsuguna nesa kaɗan. Muka gaisa ta wajen buta, ya tambayi mutanen gida, na ce suna lafiya. Na dubi butar nan kamar ita za ta cece ni, na ce, "Baba, fim bai lalace ba. Hannu ne ya shiga hoton. Idan aka sake, hannu na ƙasa, za su karɓa."

Motoci na wucewa, wani kare na haushi a cikin gidan. Ya gane. Ba wanda zai san hannu ya shiga sai wanda ya ga abin da hannun ke ƙoƙarin rufewa. Na ga yatsunsa sun sake neman amawalin, babu sauran inda za a ja shi. Na so ƙasa ta tsage. Na so a ce ni jandarmomi suka kama da safen nan.

Ya sauke buta, ya zuba shayi a kofi, ya mayar, ya sake zubawa, har kumfa ta taso. Sannan ya tambayi butar, a hankali, "Wanda ya wanke, shi kaɗai ne a ɗakin?"

"Shi kaɗai, Baba."

"Ya nuna wa mutane?"

"Mai ɗaukar kawai. Shi ma bai san ko wane ne ba."

Ya turo mini kofin a ƙasa ba tare da ya dube ni ba. Na sha, ban ji ɗanɗanonsa ba. Sai ya ce, "To. Wanda ya gani ya riga ya gani. Kada a ƙara wani."

Ranar Lahadi da safe, shago a rufe, na karɓi makulli wajen maigidana. Tsohon ya zo da 'yarsa da jikarsa. Na zaunar da shi gaban farin zane, na daidaita fitilu, na saita kyamara a kan idanunsa yana naɗe da rawaninsa. Na ɗaura wa kyamarar igiyar dannawa mai tsawo, na juya na fuskanci bango. Matata ma ta fita ta tsaya a baranda. Duk mun san zan ga hoton a ruwa anjima, amma ba wanda ya ce wannan juya bayan aikin banza ne, kuma har yau ban ɗauke shi haka ba.

Saura matsalar hannu. Na ce wa bango, "Baba, da za a riƙe yarinyar a cinya, da hannu biyu. Ba za ta fito a hoton ba."

Na ji ya ɗauke ta. Na ji ƙarar ƙyalle yana warwarewa, doguwar warwara, don rawanin nan ba ƙarami ba ne. Sai yarinyar ta yi tsit. Ina jin numfashinta ya canja, irin na yaron da ke shirin fashewa da kuka a hannun baƙo. Tsohon ya yi mata magana da harshensu, ƙasa-ƙasa, kalmomin da yake mata kullum. Ta gane muryar. Can sai na ji ta ƙyalƙyale da dariya, ta ce da Hausarta ta masu koyon magana, "Irin nawa!"

Na san inda ta sa yatsa. Hawaye suka cika mini ido ina kallon fentin bango. Na jira har na ji ya sauke hannunta, na ce, "A dubi gaba, Baba," na danna. Na sake dannawa sau biyu, tsadar fim ba ta dame ni ba ranar.

An karɓi hoton. Ya sami katinsa, ya ci gaba da gadinsa, matata ta koma barci. Amma kada a ɗauka mun zama abokai. Abin ma ƙaruwa ya yi. Da can nakan saci kallon idanunsa idan muna gaisawa, bayan wannan ko su na kasa kallo, domin da na gan su sauran fuskar ke biyowa. Shi ma ya rage zama idan ina gida. Kwaikwayonsa da nake yi a shago kuwa ban sake ba, ko da abokan aiki sun roƙa. Idan na ɗauki 'yata na ga ramin haɓarta, sai in ji kamar na sake tura ƙofar nan. Fim ɗin Okala da na shagonmu duka na haɗa na ba matata, ban tambaye ta inda ta kai su ba.

Ya yi shekaru bayan haka, har 'yar tawa ta shiga makaranta tana yi masa gyaran Faransanci. Ciwon ƙirji ne ya kwantar da shi a wata damina, bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. Da safe aka kawo shi gidanmu. 'Yan'uwansa Abzinawa suka cika tsakar gida, dogaye, kowa a naɗe. Ni ina gefe ina ta hidimar ruwa da likkafani, ina jiran su zaɓi wanda zai yi masa wanka a cikinsu, don ban ga ta inda wannan zai shafe ni ba.

Sai babbansu ya taso ya tsaya kusa da ni. Bai dube ni ba, bokitin da ke hannuna ya duba.

"Ya bar magana," in ji shi. "Ya ce kada kowa ya kwance masa rawani sai mai hoto."

Na ajiye bokitin don kada ya suɓuce. Aka buɗe mini ɗakin, na shiga, aka ja ƙofa. Yana kwance a kan tabarmarsa ta fata, amawalin na nan a kan hanci yadda ya bar shi. Na tsuguna daga gefe, nesa kaɗan kamar kullum, na ce, "Baba, ni ne. A yi mini izini." Sannan na nemi bakin ƙyallen na fara warwarewa.